Lefe a Kwalekwale

Ni Tabawa, 'yar Gumel, jikar mahaƙa rijiya.
A garinmu sai igiya ta ci gaba ashirin
kafin guga ya ce ya ga ruwa.
Yau ga ni bakin gaɓar Apapa, takalmi a hannu,
don Sagiru ɗan ƙanena ya rasa inda zai ga mata,
duk faɗin Agege, duk cikar Idi-Araba,
sai tsibirin da ba mota mai zuwa.

Akwati huɗu muka jera a cikin kwalekwale.
Suka ce, lefe al'adarku ce, ku kawo,
amma ga tamu takardar:
doya arba'in da biyu, kada ɗaya ta ƙuje,
zuma, manja jarka guda, namijin goro,
da busasshen kifi mai cizon wutsiyarsa.
Kifi! Mu 'yan tudu mu kai wa masunta kifi,
kamar mai kai wa Bilma gishiri da kanwa.

Mai tuƙin, Sewanu, bai kai jikana ba.
Ya ja igiyar inji, ya ce, "Mama, tsakiya."
Na zauna kan doya,
na karanto duk abin da na haddace
har da addu'ar shiga kasuwa.
Wani jirgin dako da ya ɗara masallacin Juma'a tsayi
ya gifta, ruwa ya ɗaga mu ya dire,
ɗankwalina ya kama hanyar Kwatano, ba dawowa.

A Ibeshe yashi ya tarbe mu, fari sol kamar garin kwaki.
Ganguna na kiran sunan kakannin da ban sani ba.
Wata mai baki, alaga suke ce mata, ta tare ƙofa:
shiga da kuɗi, zama da kuɗi,
ko tari ka yi, ga kwanonta yana matsowa.

Sai aka ce ango ya kwanta.
Sagiru mai shagon canji, da shaddarsa mai sitati,
ya miƙe rub da ciki, abokai shida a bayansa.
Raina ya sosu. Mu durƙuso muka sani.
Amma na dubi uban yarinya, Baba Lamidi,
hannuwan da koma ta yi wa zane kamar kanta,
yana share ido da hular aso-oke,
sai na ce, to,
wanda zai raba masunci da 'yar autarsa
ai ƙirjinsa ya ɗanɗani yashin da ta yi rarrafe,
wannan ba ya cikin faɗuwa.

Aka miƙa ambulan. Tsohon ya buɗe, ya turo mana:
"Modinatu ba ta sayarwa ba ce."
Limaminmu ya gyara zama, ya yi gyaran murya:
sadaki ba na uba ba ne, haƙƙinta ne.
Limaminsu ya yi dariya, ya jawo ayar kafin namu ya kai.
Aka kira mai abu.
Ta karɓa daga cikin mayafi, ta ƙirga a gaban kowa,
ta ce zubin farko ne na sabon inji
don jirgin uwarta ya daina mutuwa a tsakiyar ruwa
ranar da ta yi marmarin zuwa.

Da almuru muka juyo, an ƙara mana mutum ɗaya.
Uwarta ta biyo mu har ruwa ya kai gwiwa,
tana riƙe da bakin jirgi, ta ba ni gora:
"Ruwan rijiyarmu ne. A ƙofar mijinta
ki wanke mata ƙafa, ta shiga da sanyi."
Ta saki. Ba ta juya ba har duhu ya shanye ta.

Ni aka ɗora wa lallashin amarya,
na tanadi maganganu tun daga Gumel:
haƙuri, yi na yi, bari na bari.
Igiyar ruwa ta farko ta watsar da su duka.
Na damƙe hannunta, lalle da zobe da komai,
ita ce ta rungume ni, da Hausarta ta kasuwar kifi:
"Gwaggo, kalli fitilun Ikko,
kar ki kalli ruwa."